Ruwa ne, Hajo

Karon farko da cikina ya tasa
matan unguwa sunka yi mini barka.
Inno ta sayo zanen goyo
ta ninke shi a ƙasan adaka.
Wata huɗu, babu motsi.
Likita ta ƙwanƙwasa cikin da yatsa biyu
kamar mai zaɓen kankana,
ta ce: ruwa ne, Hajo, ba ɗa ba.
Jini ya daskare a jijiyar da ke fita daga hanta.

Ni ban gane ba. Jabbi ya gane,
shi da ya yi furfura a lambun albasa a Kwalkwalawa.
Ya ce in laka ta toshe magudana
baya ruwa ke komawa,
ya ruɓar da abin da anka shuka.

Gora bakwai sunka zuƙe.
Na koma gida da ciki kamar tsohon burgame
da ƙwaya mai tsinka jini, kullum ɗaya.

Na biyu na gaskiya ne.
Ya yi shuri, ya yi shaƙuwa,
wata shida cif, sannan shiru.
An ce mabiyiya ce ta gaza.
Jabbi ya fita da shi a ƙyalle, da hannu ɗaya,
ɗaya hannun bai san inda zai sa ba.

Na uku, tun ɓatan wata na isa asibitin koyarwa.
Likita ta karɓe ƙwayar, ta ce tana taɓa ɗan tayi,
ta miƙo allura: safe da dare, gefen cibiya,
ke za ki yi wa kanki.
A gindin randa nake ajiye su
saboda zafin Sakkwato ba ya barin magani.
Na ƙirga ɗari huɗu, na bar ƙirga.
Cikina ya yi shuɗi, ya yi kore,
kamar fatar da anka manta a majema.
Injin ban ruwa ya tafi kasuwa bai dawo ba,
albasar bana da guga ta sha.

Duk daren da ƙafata ta kumbura
sai in dafa cikin in tambaya:
wane ne a nan, ruwa ko mutum?
Sai a shure ni ta ƙasan haƙarƙari.

Wata takwas saura mako anka ce a fito da ita.
Ƙanen Jabbi biyu na zaune a baranda,
sun naɗe hannun riga, ko za a nemi jini.
An nema. Leda uku.

Kilo biyu ba ta cika ba.
Kukanta kamar na ɗan akuyar da anka haifa da asuba,
siriri, amma bai tsinke ba.

Gudan jinin yana nan inda yake,
ƙwayar ta dawo bakin gadona.
Inno ta buɗe adaka jiya.
Zanen ya yi layi a wurin ninki,
shekara biyar.
Sau biyu anka naɗa shi kafin ya kama ta.