Bashin Kwana Uku

Da hantsi muka bar Potiskum,
Birnin Kebbi muka nufa, sunan jikan Baba.
Taya ta cinye mana awa biyu a Azare,
shingen Wudil ya lashe saura.
Ko da muka shigo Mariri
rana ta yi ja kamar garwashin mai tsire,
ladanai na miƙa wa juna kira
daga Hotoro har cikin gari.

Na ce mu miƙe, mu kwana Funtuwa.
Asabe ta harare ni ta madubi:
"Hanyar da direban tanka ma ke shakka da dare?
In ka gaji da ranka, mu da sauranmu."

To, otal.
Na farko dubu talatin, kuɗin janareta daban.
Na biyu da sauƙi, amma kiɗa na kaɗa taga;
Baba ya leƙa, ya ja carbi, ya koma mota.
Ƙawar Asabe ta Gyaɗi-Gyaɗi,
mai "in kun shigo Kano ku neme ni",
wayarta ta yi kuka har ta gaji.
Yaro ya yi barci da ledar gurasa a hannu.

Sai Baba ya yi gyaran murya.
"Juya. Ƙofar Mazugal."
Shekara arba'in rabonsa da lungun,
tun yana kawo fata a bayan a-kori-kura.
"Akwai durumi, akwai rijiya,
gida na uku, Fatoma Barau."

Durumi babu.
Mai cajin waya ne zaune a gurbinsa,
rijiya ta zama famfon burtsatse.
Muka ajiye mota inda lungu ya ƙi ta,
'yan adaidaita na yi mana tsiya,
tsoho a gaba, yana lalube bango da tafin hannu
kamar mai karanta allo a duhu.
Na ce a raina: yau a masallaci za mu kwana.

Ya tsaya. Ya yi sallama sau uku.

Wani mai furfura ya fito da tocila.
Barau? Ya kwanta dama tun shekarar kwalara.
Wannan ɗansa ne, Mati,
wanda Baba ya bari yana wasan langa.

Baba ya zura hannu a aljihu, muryarsa ta yi ƙasa:
"Zuwana na ƙarshe kasuwa ta karye mini.
Na sulale da asuba, ban yi sallama ba.
Kwana uku ake bi na."

Ashe ba wurin kwana yake nema mana ba.

Mati ya daɗe yana haska ƙasa.
Ya ce, "Littafin bashin gara ta cinye shi.
Amma tabarma tana nan.
Ku cika na huɗu, a haɗa lissafi."

Asabe da yaro aka shige da su ciki,
na ji ana fasa itace, ana ɗumama tuwo.
Mu aka share mana soro,
buta a ƙofa, maganin sauro na hayaƙi.

Ni da na ƙirga kilomita tun safe,
na kasa ƙirga wannan.
Na kwanta ina jin ƙugin tireloli can titin Katsina,
ga Baba a gefena, bakinsa buɗe,
yana minshari
irin wanda ban taɓa ji ya yi a gida ba.