Injin da Ke Tari a Dalcahue

Ranar Laraba na sauka Dalcahue,
sama na yoyo kamar an huda tulu,
kuɗin dankalin shekara uku
na ƙulle a ƙugu, cikin safar ulu.
Na zo ganin jirgin da aka ce na sayarwa.

Ga shi can ƙarshen gadar katako,
shuɗin fentinsa ya koma toka,
sunansa ya goge, saura harafi biyu.
Don Belarmino ya dafa shi kamar ɗan cikinsa:
"Shekara talatin da ɗaya, Herminia,
yana kai ni, yana dawowa."

Ya murza makulli. Shiru.
Ya sake. Injin ya yi gyaran murya,
ya yi tari irin na wanda ya tsufa da taba,
ya tofar da farin hayaƙi,
ya kama, ya yi rawar ɗari,
minti huɗu bai cika ba ya mutu.
Tsohon ya dubi gajimare:
"Sanyi ne. In rana ta fito yana warwarewa."

Na kira Nibaldo bakanike, ɗan ƙanwar babata.
Ya zaro sandar awon mai, ya murza a yatsa.
Baƙin mai ya koma shayi da madara.
Ya ce, "Ruwa ya shiga inda ba a gayyace shi ba.
In gaskit ne, aikin kwana biyu, kin tsinci dami a kala.
In kan injin ne ya tsage,
kin sayi rami, kina zubawa yana haɗiyewa."
Na ce, wanne ne? Ya ce sai an buɗe.
Mai jirgi ya ce ba a taɓa noti sai kuɗi ya shiga hannu.
Cinikin biri a sama ke nan, ba ko tantama kuwa.

Na durƙusa da 'yar wuƙata,
na caki katakon daga goshi har wutsiya.
Ko'ina ya ƙi, ko'ina ya amsa da ƙarfi.
Jikin lafiya lau.
Zuciyar ce ke gazawa.

Daren nan ban runtsa ba.
Na lissafa abin da jirgin haya ke ci a kowane buhu,
na tuna dankalin da ya tsira a gaɓa yana jiran wuri,
da daren da zazzaɓi ya kama Eladio
muna ganin fitilun asibiti a hayin teku,
ba mai tsallakarwa.

Sai wata murya ta ce: araha ba ta ado.
Mota in ta mutu, ka sauka ka tura.
Jirgi fa, a tsakiyar mashigi,
iskar kudu na kaɗawa, duwatsu na jira,
ina za ki sa ƙafa, ke da ba ki iya iyo ba,
in ya yi wannan tarin a kan zurfin ruwa?

Da safe na koma.
Na ce, "Rabi yanzu, Don Belarmino.
In gaskit ne, in cika maka.
In tsaga ce, ka riƙe ladan Nibaldo, ka maido saura."

Ya daɗe yana kallon igiyar da ke ɗaure.
Ya ce, "Tun bara likita ke nemana a Castro.
Ban je ba.
Abin da ba a buɗe ba, kana iya kiransa sanyi."

Ya shiga ciki, ya jawo akwatin ƙarfe,
ya miƙa wa Nibaldo sufana da hannunsa.
Na zaro safar, ban kwance ta ba tukuna.
Mu uku muka sunkuya, kai da kai.
Notin farko ya yi gardama, ya yi ƙara,
tsatsa ta zubo ja a tafina,
sannan ya fara juyawa.