Kwana Ashirin da Uku

Ina zaune a gidan wanki na Falmouth,
inji yana juya rigunana,
ni kuma benci yana juya ni.
Tun jiya da muka ɗaure jirgi
nake tatata a kan titi
kamar yaron da aka sauke daga goyo.

Mu huɗu ne.
Morwenna mai jirgi, wadda ba ta gaisuwa
sai ta fara duban sama.
Denzil ƙaninta, sarkin minshari.
Gethin, da ya yi amai kwana biyar
sannan ya tashi ya cinye biskit ɗin kowa.
Sai ni, Sallau,
wanda babban ruwan da ya sani a yarinta
kududdufin bayan makaranta ne.

Babu dare a can, babu rana,
sai awa huɗu naka, awa huɗu na wani.
Hannu mai sanyi ya taɓa ƙafarka,
ka laluba takalmi, ka sa rigar jiya
wadda ba ta bushe ba tun shekaranjiya,
ka ɗaure ƙugunka da igiya kamar akuya,
ka karɓi akala.

A gida mukan ce raƙuman ruwa.
Ban san wanda ya raɗa sunan ba,
amma ya gan su:
ayari ne marar madugu,
tozo bayan tozo,
ba mai durƙusawa.

Murhunmu lilo yake yi.
Tukunya a daidai, duniya a karkace.
Na yanka albasa da gwiwa a jikin kabad,
rabi ta shiga miya, rabi ta tafi yawo.
Ran sha ɗaya burodi ya yi gemu.
Ran sha shida muka raba lemo na ƙarshe,
Denzil ya ƙirga ɓararrakin sau biyu.
Yajin da Yaya Tabawa ta ƙulle mini a kwalba
shi ya riƙe mu.
Morwenna tana hawaye tana miƙo faranti.

Alƙibla kuwa ba ta zama wuri guda.
In yi kabbara tana gabana,
kafin ruku'u ta koma kafaɗa.
Na yi alwala da ruwan bokiti,
gishiri ya bushe a girata,
na yi salla a zaune, dafe da ƙarfe,
na ce, Kai ka san inda na nufa.

Daren da filafilai ya yage
ba wanda ya yi jarumta.
Mun ja, mun zame, mun zagi juna.
Da gari ya waye muka zauna da allura,
ɗinki ɗari uku da wani abu,
ni da na raina ɗinkin hula a zauren kawuna.

Akwai kuma daren da iska ta ɗauke.
Kaza da 'ya'yanta suka fito,
su ɗin dai, na saman rufin gidanmu.
Wani abu ya yi numfashi kusa da jirgi,
dogon numfashi mai wari,
ya nutse.
Ban tashi kowa ba.
Har yau ban faɗa musu ba.

Ƙasa, hanci ne ya fara ganinta:
ciyawa, jiƙaƙƙiyar laka, hayaƙin wani gida.
Sannan fitilar hasumiya tana ƙyafta ido.
Gethin ya yi ihu. Ni na yi shiru,
kamar an ce in mayar da kayan aro.

Inji ya tsaya.
Rigunan sun fito da ƙamshin sabulu,
ba su san ni ba.
Wata tsohuwa tana tambaya ko na gama.
Agogo ya ce huɗu saura kwata,
ƙafata tana jiran hannu mai sanyi.