Jajibiri a Garejin Aulis

Goman dare a Jyväskylä, rana ta ƙi faɗuwa.
Aulis na ƙarƙashin mota,
sifana a haƙori.

"Wannan gwangwanin ba ya riƙe rai."
Ya yanko ƙarfe mai kauri,
ya kafa ƙafafun kujera a kai.

Tuulikki ta zauna.
Ya ja bel ɗin kafaɗa zuwa bututun baya,
kusan a miƙe,
don ɗauri mai gangara
gadon baya yake karyawa.

"Baba, ya matse."
"Ja numfashi."
Ta ja. Ya ƙara tamkewa.

Gobe tsakuwa, gobe kwana,
da itatuwan da ba sa kaucewa kowa.
Ya sake ɗora sifana kan notin
da ya ɗaure sau uku.