Baiti na Uku

Asabar ta farko a watan Disamba,
ƙanƙara ta rufe titunan Toronto har idon sawu.
Mun ari ɗakin ƙasa na cocin wasu 'yan Koriya.
Daga huɗu zuwa shida, suka ce, kada mu wuce,
'yan ƙwallon tebur na zuwa bayanmu.

Na tashi daga aiki idona da yaji,
na ɗaura farin sari a bayin asibiti,
na ɗora jibgegiyar rigar sanyi a kai.
Shiranthi ta kawo kyandir ashirin da bakwai,
alhali mu goma sha tara muka rage.
Ta ce tsohon lissafi ne ya bi hannunta.
Ba wadda ta tanka.

Makarantarmu tana can kan tudu a Kandy,
inda ƙararrawa ke tsinka barci tun da asuba,
mu jeru ba takalmi a kan siminti mai sanyi,
man kwakwa na ƙyalli a gashinmu,
Malama Jansz na bin layi da ido
tana neman bakin da ke motsi babu murya.
Wannan ƙararrawar yanzu tana cikin wayar Damayanthi.
Ƙanenta ne ya naɗo mata, har da kukan hankaka a baya.
Ta danna. Muka miƙe,
masu ciwon gwiwa da masu dogara sanda,
kamar an ja mu da zare ɗaya.

Waƙar makarantarmu baiti uku ce.
Na farko da Turanci, harshen waɗanda suka gina ɗakin sujada,
na biyu da Sinhala,
na uku da Tamil.
Haka muka tarar, haka muka rera,
har a shekarun da gari ya kama da wuta,
aka daina tambayar mutum sunansa
sai dai harshen da ya tsotsa.
A wancan ɗakin ba a taɓa tsallake baiti ba.

Premila ce ke ɗaukar na uku.
Shekara talatin da ɗaya a ƙasar nan
ita ke ja, muna biye kamar 'yan tsaki,
muna ɓoye kurakuranmu ƙarƙashin muryarta.
A watan Yuli muka kai ta makwancinta.

Sai ga mu a ƙarshen baiti na biyu.
Yvonne ta buga shimfiɗa a kan fiyano,
ta maimaita, ta sake maimaitawa.
Ashe ba mu iya ba.
Shekara hamsin ina buɗe baki a wannan gurbin,
ashe aron numfashi nake yi.
Na ji injin ɗumama ɗaki yana tari.
Na ji kunya ta hau ni tun daga tafin ƙafa.

Daga kujerar baya, kusa da tukunyar shayi,
wata murya ta taso, siririya, tana rawa.
Tharani ce, jikar Premila,
haifaffiyar nan, ba ta taɓa ganin tudun ba.
Tana karantowa daga waya,
kalmomin kakarta cikin haruffan Turawa,
tana tauna su kamar ɗanyen rogo.
Ta karya wasu, ta haɗiye wasu.
Da Malama Jansz na nan da ta ja mata kunne.

Muka bi ta.

Amin ɗinmu ya fito a karkace, amma ya fito.
Fasto ya sa albarka yana satar kallon agogo.
Muka hure kyandir, muka naɗe tutar makaranta,
muka raba kek ɗin Kirsimeti a 'yan takardu.
Na tambayi yarinyar yaushe ta koya.
Ta ce a asibiti, makon ƙarshe,
kakarta ta sa ta zauna ta rubuta, tana cewa:
Tsofaffin nan ba abin da suka iya,
amma kada ki ce ni na faɗa.

A bakin ƙofa 'yan ƙwallon tebur na jira,
suna kakkaɓe ƙanƙara daga takalma.
Shiranthi ta tattara takwas ɗin da ba a kunna ba,
ta ƙirga su sau biyu,
ta mayar cikin jaka.
Ta ce, sai baɗi.