Gadar Oksijin

A Tartu tun la'asar rana ta faɗi,
kogin Emajõgi ya daskare har gaɓa.
Kaido na tsaye gaban tulun gilashi,
kwana biyu yana dafa sinadarin ita da soda,
ita kuwa ko gezau.

Kabon ta nan, kabon ta can,
oksijin a tsakani kamar gadar katako.
Sodar ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar baya
har hannunta ya gaji.

Tsohuwa Ülle, mai makullan ɗakin gwaji,
ta ajiye shayinta a bakin taga, ta ce:
Yaro, ba ƙarfi sodarka ta rasa ba.
Kafin baƙo ya samu wurin zama
sai wani ya yarda ya tashi.
In oksijin ta fita yanzu,
da bashin caji za ta fita a wuya,
ta fi mai korar tata zafin rai,
kafin ka ƙifta ido ta koma ɗakinta.
Wa ke barin gida da bashi a ka
in yana da zaɓi?

Ta ɗauko kwalba mai ruwan ƙasa,
asid ɗin aidin, mai hayaƙi da ƙauri.
Ka ga wannan? Ba da faɗa yake farawa ba.
Furoton ɗaya yake miƙa mata,
guzuri ɗan ƙanƙani,
sai igiyar ta yi sanyi.
Aidin ya zagayo ta bayan kabon, ya taɓa,
ita ko ta sulale a matsayin alkohol,
ba ta bin kowa, ba wanda ke binta.

Kaido ya ce: To, efoksaid fa?
Ai soda na buɗe shi.
Ta yi dariya har tabaraunta ya zame.
Zobe mai kusurwa uku, a matse kamar takalmin aro,
wanda ke cikin ƙunci irin wannan
ko tari ka yi, zai fice.

Ya rage wuta, ya zuba a hankali.
A waje motar kwashe ƙanƙara na kai da kawo.

Ülle ta ɗauki shayin, ya riga ya huce.
Shekara ashirin, in ji ta, ana tura ni
in bar masana'antar Narva, ban motsa ba.
Ranar da na tafi,
ƙanwata ce kawai ta aiko min da kuɗin jirgin ƙasa.