Mbula Ba Ya Cikin Littafi

Kyauta ta dawo makaranta da la'asar,
ta yar da takalmi a bakin zaure,
ta buɗe littafi a kan cinyata:
"Baba, ga duwatsun ƙasarmu mafiya tsayi,
Malam Yohana ya ce a haddace kafin Litinin."

Tana bi da yatsa.
Cappal Waddi, can Taraba, a bakin iyaka,
mita dubu biyu da ɗari huɗu da 'yan kai.
Ga Dimlang. Ga Shere na wajen Jos.
Ta kai ƙarshen shafi, ta leƙa bayansa,
sannan ta ɗaga kai
ta dubi wanda ke tsaye a bayan katangarmu.
"Baba, ina namu?"

Na ce Mbula bai ci jarrabawa ba.
Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Wanda ya auna da na'ura
bai auna da gwiwar uwata ba.
Shekara talatin tana hawansa da gammo,
tana saukowa da itace, da ɗinya a haɓar zane,
kuma da hutu take lissafi:
na gindin ƙirya, na bakin kogo,
na falalen nan mai rami kamar turmi.
Uku ne tana amarya.
Da aka yaye autanmu sun zama bakwai.
Shekarar da ta rasu, goma sha ɗaya,
ta ce mini, "Dutsen nan ƙaruwa yake,
ku dai ba ku lura ba."

Bai auna da daren da jar akuyarmu ta ɓace ba,
na hau da tocila mai batir biyu,
birai na tari daga sama,
Dass a ƙasa kamar garwashin da aka watsar.
Ban sami akuyar ba.
Na dai sauko da ƙaya a tafin ƙafa
da tsoron da har yau bai gama fita ba.

Haddace, Kyauta. Gaskiya malam ya faɗa,
ko cikin duwatsu akwai yaya da ƙane.
Amma ranar Asabar, in Allah ya kai mu,
ki zo da fensirinki.
Za mu bi hanyar kakarki tun da sanyin safiya,
ki ƙirga duk inda na zauna.

Kada ki rage ko ɗaya don ki faranta mini.